Tuƙi cikin maye da uban da ke neman a wanke takardar ɗansa

Ƴan'uwa masu saurare, na Magarya da Dungas, da na Bande, Waca, Malawa da Dogo-Dogo, Allah ya karɓi ibadunmu.

Yau za mu ajiye darasin da muke kai, domin wani dattijo ya aiko mana da tambayar da ba ta jira. Ɗansa ɗan kabu-kabu ne. Bara ya banke amalanken jaki yana cikin mayen tiramol, dangi suka taru suka ba da haƙuri, aka kashe maganar a gida. Bana ya sake, a wannan karon wata tsohuwa ya kaɗe tana dawowa daga kasuwa, ƙafarta ta karye, kuma magana ta doshi gaban alƙali. Yaron yana da burin shiga aikin soja, ga shi ba a karɓar takardun mutum sai da kaziye. Dattijon yana tambaya: ya halatta in ba da wani abu a ɓoye domin kada sunan ɗana ya ɓaci?

Baba, mun ji zafin da ke ranka, ba kuma za mu yi maka dariya ba. Da yawa daga cikin masu jin mu a daren nan suna da irin wannan ɗa a gida.

Ga waɗanda ba su san kaziye ba, takarda ce da ake karɓowa a kotun da ke kula da garin da aka haifi mutum, tana nuna hukuncin da aka taɓa yanke masa. Ana neman ta wajen shiga aikin gwamnati da na damara da tsayawa takara, kuma galibi ana so kada ta wuce wata 3 da fitowa. Tsoron dattijon nan yana da tushe. Dokar hanya ta ƙasarmu ta 2014 ta hana tuƙi cikin maye, dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1999 tana nan, kuma a tsarin shari'ar Nijar wanda aka taɓa yanke wa hukunci ya sake komawa, nasa ya fi na ɗan fari nauyi.

Amsar tambayar a taƙaice ita ce bai halatta ba. Kuɗin da aka bayar domin a danne gaskiya rashawa ce, mai bayarwa da mai karɓa duka suna cikin la'ana kamar yadda ya zo a hadisi. Canja mata suna zuwa goro ko na shan ruwa ba ya canja hukuncinta. A cikin wannan magana kuma akwai haƙƙin wata baiwar Allah da ke kwance ba ta iya taka ƙasa, ita ce za a saye da kuɗin.

Wani zai ce, Malam, ai addini ya yi umarni da rufa asirin Musulmi. Gaskiya ne, amma malamai sun yi wa wannan iyaka. Rufin asiri na wanda ya yi tuntuɓe ne a laifin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wanda aka san shi da cutar da mutane, bai so kowa ya nema masa ceto. Mun kuma san labarin matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Ƙuraishawa suka damu saboda girman gidansu, suka tura Usamatu ɗan Zaidu, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake ƙauna ƙwarai. Annabi ya yi fushi da wannan ceto, ya bayyana wa mutane cewa ƙyale mai gata da hukunta marar gata shi ya halaka al'ummun da suka gabata. To mu duba kanmu. Da yaron nan ba shi da uba mai iya ƙwanƙwasa ƙofofi, da wa zai tambaye mu a kansa? Ita kuwa tsohuwar, wa ya aiko mana da tambaya dominta?

Nan za mu faɗi abin da ba zai yi wa dattijon daɗi ba. Kashe maganar bara shi ya haifi ta bana. An biya mai amalanke, aka miƙa wa yaro makullin moto washegari, ba wanda ya tambaye shi ƙwaya nawa yake sha a wuni. Ya koyi cewa duk abin da ya ɓata akwai mai gyarawa. In aka sake yi masa haka, na uku ba mu san wanda zai tarar a kan hanya ba, wataƙila ɗan makarantar allo ne.

Wasu matasa suna cewa ai su ba su shan giya, magani suke sha don jiki ya jure aiki. Allah ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, bayan ya bi da mutane mataki-mataki a Suratul Baƙara da Suratun Nisa'i, kuma dalilin haramcin shi ne gushewar hankali, ko daga kwalba ya zo ko daga ƙwaya. Tiramol magani ne na rage zafin ciwo, likita yana rubuta shi ga marar lafiya a ƙaramin awo, mai miligiram 50 ko 100. Wanda ke yawo a tashoshi da kan teburan kasuwa yakan kai 200, 225 har 250. Yana kawo gyangyaɗi da jiri, yana kuma jefa wasu cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku ƙaddara wannan ya kama mutum yana bisa moto tsakanin Bande da Magarya da mace da goyo a bayansa, ko yana jan motar dabbobi daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis.

Fiƙihunmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaurukanmu, an bayyana cewa mai hawan dabba da mai jan ta da mai kora ta suna lamunce abin da ta taka. Idan haka ne ga doki da raƙumi masu nasu kai, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an murɗa shi? Maye kuma ba uzuri ba ne a mazhabar Malik, wanda ya sha da gangan ana kama shi da ɓarnar da ya yi. In rai ya salwanta, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya, da kaffarar da a yau take komawa ga azumin wata 2 a jere. Mu da muke ƙirga kwanakin wata guda muna duban rana, mun san abin da wannan yake nufi.

Sai dai kada wani ya ɗauka muna cewa a jefar da yaron. A zamanin Annabi akwai wani sahabi da ake ta kawowa saboda shan giya, ana hukunta shi yana komawa. Wata rana wani ya gaji ya la'ance shi. Annabi ya hana, ya shaide shi da cewa yana son Allah da Manzonsa. Ku lura, ba a ɗauke masa hukunci ba, ba a kuma yarda a zage shi ba. Mu a gidajenmu juya abin muke yi: mu tsare ɗa daga hukunci da rana, da dare mu tsine masa.

Akwai ƙofofin halal, Baba, kuma suna da faɗi. Ɗaukar lauya ya halatta, muddin ba ƙarya za a shirya ba. Ka ɗauki nauyin maganin tsohuwar da abincin gidanta har ta warke, ka nemi gafararta ba tare da tura mata manyan gari su matsa mata ba, domin yafiyar da aka karɓa da kunya ba yafiya ba ce. Yafewarta ba ta rufe shari'ar gwamnati, amma alƙali yana ganin wanda ya gyara da wanda ya gudu. Yaron ya faɗi gaskiya, ya roƙi sassauci a fili. Tun da maganar bara ba ta kai kotu ba, lauya zai gaya muku ko doka ta bar masa damar ɗaurin je-ka-gyara-halinka, wanda sharaɗinsa shi ne in ya sake cikin wa'adin da aka yanka, tsohon hukunci da sabo su haɗu a kansa. Ko da an rubuta masa laifin, dokar ƙasa ta tanadi hanyar neman a wanke mutum bayan ya cika hukuncinsa ya zauna lafiya wasu shekaru. Tana da jinkiri, amma ba a sunkuyar da kai a cikinta. Aikin soja kuwa, mai tunanin ba shi bindiga gara ya fara tabbatar da cewa hannunsa ya daina rawa.

Wanda ya daɗe yana shan tiramol, in ya bari rana ɗaya jikinsa yakan yi ciwo, barci ya ƙaurace masa, zufa ta yi ta karyo masa. Shi ya sa rantsuwa da Alƙur'ani a gaban uwa ba ta isa, ga ta kuma tana ƙara masa zunubin karya ta. A kai shi gidan likita a faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da yake sha da yawansa. Mun ji cewa wasu suna haɗiye ƙwayar da sahur wai don su kai la'asar, sannan ga gudun da ake yi dab da magariba kowa yana son ya sha ruwa a gida. Masu ba da moto haya, ku ma kuna ciki: wanda ya san yaronsa yana sha ya ci gaba da karɓar kuɗin yamma, yana da rabo a abin da ya biyo baya.

Baba, gobe in Allah ya kai mu, kafin ka nemi kowa a ofis, ka fara zuwa gaban gadon tsohuwar nan ka gaishe ta, ka tambayi abin da aka kashe. Makullin moton kuma ya zauna a aljihunka har likita ya ce yaron ya rabu da ƙwayar. Jibi za mu koma kan darasinmu na zakkar fid da kai daga inda muka tsaya.