Mu Fitar Da Gayyar Ma'aikata Daga Otal

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Birnin Tudu mazauna birane)



Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarautun gargajiya, malamanmu, manyan baƙi, 'yan'uwa maza da mata. Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya sake haɗa fuskokinmu, muna kuma godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ba mu wannan dama.

Da yawa daga cikinmu ma'aikata ne a Gusau da Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas. Mun san wata al'ada da ta shigo ofisoshi, musamman bankuna da kamfanoni da manyan hukumomi: a ware kwana biyu ko uku a kwashi ma'aikata zuwa otal, wai don a ƙarfafa danƙon zumunci a tsakaninsu. A can za a yi jan igiya da tseren buhu, a saurari lacca, a ci kaji, a karɓi alawus. Ba mu ce laifi ba ne, mu ma mun ci kajin. Sai dai ran Litinin kowa yakan koma kan teburinsa da gabar da ya tafi da ita.

Abin da ake kashe kuɗi ana nema a otal, iyayenmu sun daɗe da saninsa, sunansa gayya. Idan gonar wani ta fi ƙarfinsa, ko damina ta rushe masa katanga, sai samari su fito da fartanya, makaɗi na zuga su, mata na dama fura. A bakin kunya babu ɗan sarki babu ɗan talaka, wanda ya iya noma shi ne gaba. Ba a taɓa kiran gayya don a so juna ba. Aiki ake kira, son junan kuwa a cikin gumi yake zuwa. Garin da iyayensa suka haɗa kai a kan haƙƙin gonakinsu a rikicin madatsar ruwan Bakolori, har wasu suka rasa rayukansu a watan Afrilu na 1980, ba ya buƙatar wani ya zo daga nesa ya koya masa haɗin kai.

Shawararmu ita ce, duk wanda ke da ta cewa a wurin aikinsa ya nemi a mai da ko da kwana ɗaya na irin wannan taro ya zama gayya tare da 'yan'uwanmu naƙasassu, waɗanda yanzu aka fi kira masu buƙata ta musamman: guragu da makafi da kurame da kutare. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun 2010 ake raya Ranar Mandela a kowace 18 ga Yuli, inda ma'aikatan kamfanoni a Afirka ta Kudu ke fita su yi wa al'umma aiki na minti 67. Ga kuma 3 ga Disamba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa naƙasassu tun 1992.

Aikin yi kuwa yana nan jibge. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, ta kuma ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. To, kowa ya tuna makarantar firamaren da ya yi, da asibitin da ake kai mahaifiyarsa, da masallacin Juma'ar da yake salla in ya zo gida, ya ƙirga matakalun ƙofa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga Afirka a watan Agusta na 2020, alhamdu lillahi, amma yaran da ta riga ta shanye wa ƙafafu sun girma, suna nan tare da mu, matakala uku na raba su da aji.

Sai dai akwai kashedi, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Mun taɓa tsayawa a ƙofar wani ofishi da aka yi wa gangare na siminti, an shafe shi da fenti har da allon tunawa. Wani bawan Allah ya zo da kekensa ya gwada hawa sau biyu yana komowa da baya, daga ƙarshe masu gadi suka ɗauke shi cak kamar buhun gero. Waɗanda suka gina gangaren nan da kyakkyawar niyya suka yi, amma ba su tambayi mai hawa ba. Ƙa'idar magina ita ce, kowace ƙafa 1 ta tsayi tana buƙatar ƙafa 12 ta tsawo. Dandamalin da ya kai ƙafa 2 sai gangare mai ƙafa 24. Gurgu ya san wannan a damatsansa ko bai taɓa jin lissafin ba. Saboda haka kafin a sayi siminti, a je a gaida Sarkin Guragu da Sarkin Makafi, a tambaye su abin da ya fi damun jama'arsu, a kuma sa mutanensu a cikin kwamitin aikin. Su ne masu gona a wannan gayya.

Kada kuma mu ɗauka kullum mu ne masu bayarwa. A Kano, Aminu Ahmad Tudun Wada da 'yan'uwansa da shan inna ta naƙasa sun buɗe wurin ƙera kekunan guragu masu tuƙin hannu. Ofishin da zai raba kekuna, gara ya saya a hannun irinsu, ya kuma tura ma'aikatansa su wuni suna miƙa musu ƙarfe da sukurdireba. Haka nan ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro a 1988, ana buga ta ne da hannu a zaune kan allo mai ƙananan tayoyi. A zaunar da manaja da masinja a kan allunan nan su kara da gwanayen wasan. Za a lallasa su, za su yi dariyar da ba su taɓa yi tare ba, kuma daga ranar da wuya manajan ya sake jefar da takardar neman aikin gurgu ba tare da ya karanta ba.

Mun san halin da hanyoyinmu suka shiga saboda 'yan bindiga, musamman ta wajen Maradun, ba ma cewa kowa ya jefa abokan aikinsa cikin haɗari. Wanda hanya ba ta ba shi ba, ya yi gayyarsa a birnin da yake zaune, ya aiko da kuɗin siminti gida a ba magina da samarin gari.

Muna roƙon sakatare ya buɗe rajista kafin a tashi, duk mai niyyar kai wannan magana ofishinsa ya rubuta sunansa da garin da yake aiki. Rassanmu kuma kowanne ya zo taron baɗi da bayanin ƙofa ɗaya da aka gyara, tare da shaidar wanda ya hau ta da kekensa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.