Ƙyamar Musulmi a Turai: Ba Jiya Aka Fara Ba



Da yawa cikinmu na ɗauka cewa ƙyamar Musulmi a Turai ta samo asali ne daga harin 11 ga Satumba 2001. To, a ranar nan tsohon miki ne aka fama.

Mu koma 1095. A garin Clermont na Faransa, Paparoma Urban na biyu ya kira mayaƙan Turai da su daina kashe junansu, su juya takubbansu zuwa Gabas. A 1099 suka ci Ƙudus, suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan kiyashi. Amma kafin a sa mutum ya kashe wanda bai sani ba, sai an ɓata masa sunansa. Ku duba Waƙar Roland, wadda wasunku suka karanta a lakwal. A zahiri, a 778 ƴan ƙabilar Bask ne suka yi wa rundunar sarki Sharleman kwanton ɓauna. Bayan shekaru wajen 300, mawaƙi ya maida su Musulmi, har ya ce gumaka suke bautawa. Musulmi da gunki, jama'a!

A Andalus kuwa, Garanada ta faɗi a 1492, aka tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci. Hakan ma bai isa ba. Daga 1609 aka kori zuriyarsu, mutum kusan 300,000.

Zamanin mulkin mallaka sai ƙyamar ta sake riga. A Aljeriya, dokar 1865 ta ce Musulmi ba zai zama cikakken ɗan ƙasar Faransa ba sai ya bar hukuncin shari'a a kan aure da gado. A 1883, a jami'ar Sorbon, Ernest Renan ya ce Musulunci na hana ilimin kimiyya, alhali shi kansa a kan Ibn Rushd ya rubuta kundin digirinsa.

Kun ga zaren? Duk lokacin da masu mulki ke son ƙasa ko haɗin kan mabiyansu, sai su nemo dodo. Yau ma, da zaɓe ya gabato, sai a tado maganar ɗankwali da masallatai.

Saboda haka, ƴan uwa, mu karanta tarihi, mu mayar da martani da hujja. Kada kuma mu ɗauki cutar da muke kuka da ita: Bature ko Kiristan unguwarmu ba shi ne Urban na biyu ba.

 Allah ya ba mu zaman lafiya.