Fada ta Koma Cikin Waya: Abin da Bincike Ya Nuna kan Gurup ɗinmu

An ba ni mintoci kaɗan in yi magana kan abin da masu bincike suka gano game da mutanen da ke haɗuwa su yi aiki tare ta intanet. Zan duba abin da idon ɗan Arlit.

Tun ranar 31 ga Maris 2021 da COMINAK ta rufe, bayan haƙar uraniyum tun 1978, kowa ya ga yadda Akokan ta koma. Ma'aikata wajen 600 sun rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Wasu iyalai sun tafi Agadas, wasu Tawa, wasu Yamai, samari da dama sun bi zinariya. Unguwa ta watse, amma gurup ɗin WhatsApp yana nan. Yau in an yi rasuwa, wanda ke Yamai sai ya riga maƙwabci ji, ta vokal. To shin gurup zai iya riƙe abin da unguwa ke riƙewa a da?

Tambayar ta girme mu. A 1993 wani Ba'amurke, Howard Rheingold, ya rubuta littafi kan wata jama'a da ke hira ta kwamfuta a Kalifoniya, inda ya nuna mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna taimakon junansu in ciwo ya zo. Kafin shi, a 1973, Mark Granovetter ya gano cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum daga wanda suka saba sama-sama, ba daga amininsa ba. Dalilin mai sauƙi ne: abin da amininka ya sani, kai ma ka sani. Don haka ɗan ajinku na da, wanda rabonka da shi tun firamare, kada ka rena zamansa a gurup. Wataƙila shi zai turo maka sanarwar konkur.

Sai wani lissafi da Jakob Nielsen ya yaɗa a 2006: cikin mutum ɗari, casa'in karatu kawai suke yi, tara su kan sa baki jefi-jefi, ɗaya ne ke ɗauke da kayan. Ku buɗe wayoyinku ku duba, za ku gane ɗayan nan da sunansa. Ni wannan bai ba ni mamaki ba, don mun san shi a fada. Adeline Masquelier ta yi littafi guda a 2019 kan fadodin samarin Nijar, amma ko ba littafi, kowa ya san fada tana da mai hura gawayi, mai tara kuɗin sukari, da mai raba faɗa. Ranar da mai shayi ya yi tafiya, fada ta mutu. Gurup ma haka yake, sai dai shi gawarsa ba ta kwanciya: sai ka ga mutum ɗari biyu ana ta tura hoton barka da Juma'a da tallar maganin basir.

Misalin da na fi so in tsaya a kai na gida ne. Ƙungiyar Aghir in'Man, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta, ta nemi taimakon wani ɗakin bincike mai zaman kansa da ke Valence a Faransa, CRIIRAD. A Disamba 2003 masanan suka zo, aka riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin Yamai, suka ƙaraso Arlit da ƙananan kayan awo, kuma suka tarar da gurɓatattun ƙarafa ana sayarwa a kasuwa. Sun koma gida, amma aikin bai tsaya ba. Mutanen nan su ke awo, su rubuta wuri da rana, su aika. Na can su tantance, su fitar da rahoto. A 2009 Greenpeace ta zo ta ƙara nata awon a titunan Akokan. Ku lura, lokacin ba WhatsApp a hannun kowa, rezo ma sai a hankali. Abin da suke da shi shi ne aiki guda da kowa ya sani, rabon aiki, da rubutu mai kwanan wata.

Mu da muka yi makarantar faranko-arab mun san wannan da wani suna: isnadi. Wa ya faɗa, daga wa ya ji? Vokal da aka ce “an turo sau da yawa” ba shi da isnadi, ko da muryar mai maganar ta yi kama da ta likita. A garin da maganar ruwan sha da ƙura ke taɓa lafiyar kowa, ƙarya ɗaya tana iya sa a ƙi yarda da gaskiya goma. Kuma ku tuna dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka maido mata da hukuncin ɗauri a 2024. Admin, kai ma ka buɗe ido.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya. Iyayenmu da suka yi shekaru talatin a ƙarƙashin ƙasa suna tsufa, takardun aikinsu da na asibiti suna cikin leda a ƙarƙashin katifa. A buɗe gurup guda da ba a yin komai a ciki sai wannan aiki. Waɗanda ke nan su zauna da tsofaffin su ɗauki muryarsu, da izininsu. Ɗalibanmu na jami'ar Agadas da ta Yamai su mayar da ita rubutu, da Hausa ko Tamajak, sannan Faransanci. Takardar asibiti kuwa sirrin mai ita ce, ba ta shiga gurup. A sa mutum uku su riƙe aikin, ba ɗaya ba, kuma a ajiye kwafi a wajen waya, don ba mu manta da kwanakin da aka yanke intanet bayan zaɓen Fabrairu 2021 ba. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.