Mafi Ƙarancin Albashi da Lissafin Mai Ɗaukar Aiki



A watan Yulin 2024 aka sanya hannu kan dokar da ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Mun yi murna, kuma murnar halas ce, domin da gumin ƙungiyoyin ƙwadago aka samu wannan ƙari. Amma yau muna so mu dubi dokar da idon mai ɗaukar aiki, wanda ke zaune da alƙalami yana lissafi.

Idan abin da zai biya marar takarda ya kusa cim ma na mai takarda, hankalinsa sai ya karkata ga ƙwararre. Mutum guda da ya iya kwamfuta sai ya maye gurbin magatakarda biyu. Masinja da mai gadi da mai shara su ne ke fara ji a jika. Ba lallai a sallame su ba: a miƙa aikinsu ga ɗan kwangila, ko a mai da su ma'aikatan wucin gadi, babu fansho, babu hutu. Da yawansu iyayen ɗalibanmu ne.

A gidanmu na koyarwa kuwa, abin juyewa yake yi. Dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ɗimbin makarantun kuɗi na cikin unguwanni a nan suka faɗo. Mai makaranta ya san ma'aikaci na 25 zai jawo masa nauyin dokar gaba ɗaya, don haka sai ya tsaya a ƙasa, ya cusa yara a aji. Ka'ida ta ce sai mai NCE da rajistar TRCN zai riƙe alli, amma inda ba mai zuwa dubawa, wanda ya gama sakandare jiya shi ne mai araha. Sai ga ƙwararren malami yana tuƙa adaidaita sahu, ajin da ya dace da shi yana hannun wanda bai san tsara darasi ba. Ba mu zargin yaron. Abinci yake nema.

Saboda haka buƙatunmu ga uwar ƙungiya su ne: a matsa wa ma'aikatar ilimi ta tura sufetoci makarantun kuɗi, a kuma gyara albashin kowane mataki yadda takarda da shekarun aiki ba za su tashi a banza ba. Malaman makarantun kuɗi kuma, lokaci ya yi da za mu buɗe musu ƙofa su zauna tare da mu.