Ɗan Acaɓa Da Basamariye

Ina gaishe ku duka, na gida da na gona, na asibiti da na kurkuku, har da waɗanda suka kafe babur a gindin bishiya suna jiran fasinja. Ku na ƙarshen nan ku matso kusa da rediyo, gama maganarmu ta yau a kanku take. Sauran jama'a kuma kada ku ce ba ruwanku, don rabin maganar taku ce. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, sai ya buɗe Luka sura 10, aya 25 zuwa 37, ya sa yatsa a wurin.

Dattawa cikinmu sun san lokacin da babur abin alfarma ne. Malamin makaranta ko mai bishara da ya sayi Honda ko Suzuki, gari duka sai ya zo kallo. Amma daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin nan na SAP, darajar naira ta faɗi, motocin haya da kayan gyaransu suka yi tsada, aka kuma sallami ma'aikata da yawa. Sai mai babur ya ga in ya goya mutum zuwa kasuwa zai sami na cefane. Daga baya masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, magidanta da yawa suka koma kan titi. Mu a nan Arewa muka ce acaɓa, mutanen Nijar suka ce kabu-kabu, 'yan Kudu suka ce okada, wato sunan wani kamfanin jiragen sama na wancan zamani. Ashe kuwa yunwa ce ta haifi sana'ar nan, da ƙin roƙo, da ƙin sata.

Duk da haka me muke faɗa a kansu? In an yi fashi a unguwa, 'yan acaɓa ne. In yarinya ta lalace, ɗan acaɓa ne. In saurayi ya zo neman aure aka ji sana'arsa, sai uban yarinya ya sunkuyar da kai ya ce zai yi shawara, shawarar da ba ta ƙarewa. Gwamnatoci ma sun sha korarsu. An hana su shiga tsakiyar Abuja a 2006, an hana a Maiduguri a 2011, a Kano kuma a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Ba na zargin hukuma a kan wannan, gama gaskiya ne mugaye sun hau babur sun kashe mutane, har yanzu ma 'yan bindiga a dazuzzukan Zamfara da Katsina a kan babur suke yawo. Hukuma tana da aikinta na tsare rai. Abin da ya dame ni shi ne zuciyar mai bi, wadda ta ɗauki laifin mutum goma ta shafa wa mutum dubu.

To, mu koma ga karatunmu. Hanyar Urushalima zuwa Yariko wajen kilomita 27 ce, gangara mai duwatsu da kwazazzabai, inda 'yan fashi suke fakewa. A nan aka yi wa wani mutum duka, aka tuɓe shi, aka yar da shi. Firist ya zo ya ratse, Balawe ma haka. Waɗannan fa su ne mu, masu wa'azi da dattawan majami'a. Wanda ya tsaya Basamariye ne, daga kabilar da Bayahude ba ya cin abinci tare da ita, ba ya yarda da sujadarta. Amma akwai abin da muke tsallakewa in muna karatun nan. Basamariyen yana da abin hawa. Ya sauka daga dabbarsa, ya ɗora majiyyacin a kai, ya kai shi masauki, ya biya dinari biyu, wato ladan aikin kwana biyu. Da Ubangiji zai ba da misalin nan a Kafanchan ko a Mubi yau, ina tsammani kan babur zai sa mutumin.

Ku tambayi ma'aikatan jinya a kowane asibitin ƙauye, wa yake kawo mace mai naƙuda da ƙarfe biyu na dare, a kan hanyar da mota ba ta shiga da damina? In an yi haɗari a babban titi, masu manyan motoci sukan rage gudu su leƙa su wuce, suna tsoron kada 'yan sanda su riƙe su da tambayoyi. Ɗan acaɓa ne yake tsayawa, jinin wanda bai sani ba ya ɓata masa riga, ya rasa cinikin rabin yini, alhali da yamma mai babur yana jiran balas ɗinsa cif. Bai tambaya ko Musa ne ko Bitrus ba.

Zumuncin da yake tsakaninsu ma abin koyi ne. Man wani ya ƙare a hanya, sai ka ga ɗan'uwansa ya sa ƙafa a bayan babur ɗin yana tura shi har gidan mai, bai san sunansa ba. Taya ta yi faci, wani ya ɗauke masa fasinja. Suna adashi a tasharsu. In ɗaya ya kwanta a asibiti ana bi babur babur ana tara abin da ya samu, in ya mutu kuwa sai ka ga jerinsu har maƙabarta, fitilu a kunne da rana tsaka. A garuruwan da rikici ya raba, kamar Jos bayan 2001 da Kaduna bayan 2000, inda Kirista da Musulmi kowa ya koma unguwarsa, tashar babur tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda ake zama a benci ɗaya, ana sa hannu a ƙwaryar ƙosai ɗaya. Akwai ikkilisiyoyin da memba zai yi wata guda yana ciwo ba wanda ya leƙa shi, sai ranar da aka zo karɓar zakka. Mu ji kunya.

Yanzu kuma, 'yan'uwana masu babur, ku ba ni kunnenku, gama wanda yake ƙaunarku ba zai yi muku daɗin baki kaɗai ba. Zumuncin nan naku yana da wani gefe mai ban tsoro. Mota ta taɓa ɗayanku, kafin ƙiftawar ido babura hamsin sun kewaye ta. Ba wanda ya tambayi mai laifi. Wanda ya zo daga baya, bai ga komai ba, shi ne mai fasa gilashi. A watan Mayu na 2022, a Lekki ta Legas, gardama a kan naira 100 ta kai ga taron masu babur suka kashe wani magidanci, suka ƙone shi. Abin da ya biyo baya kun sani: daga 1 ga Yuni gwamnatin jihar ta hana okada a ƙananan hukumomi shida, aka ƙwace babura ana niƙewa, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka rasa abincinsu. Cikin Fitowa 23:2 Allah ya hana jama'arsa bin taro zuwa ga aikata mugunta, bai kuwa ware 'yan sana'a ɗaya ba. In kai mai bi ne ka iske irin taron nan, aikinka shi ne ka shiga tsakani, ka ce a kai magana ga hukuma. Za su kira ka matsoraci, wataƙila su daina gaishe ka na mako ɗaya. Ka ɗauka. Kuma in kana fushi da mai mota don ya raina ka saboda babur, yaya za ka hukunta shi don kawai yana cikin mota?

Akwai wani mutum cikin 2 Sarakuna sura 9 mai suna Yehu. Mai tsaro yana kan hasumiyar Yezreyel, ya hango ƙura daga nesa, bai ga fuska ba, amma ya gane wanda yake zuwa, domin irin tuƙin haukan da yake yi da karusarsa. Tuƙin mutum yana faɗin sunansa tun kafin ya iso. Wasunku sun manna sunan Yesu a tankin mai, sun rataye gicciye a madubi, sa'an nan su bi hannun da ba nasu ba, su ƙetare danja, su fantsama wa tsohuwa ruwan kwata, su zagi uwar wanda ya yi magana. Gara ka ɓamɓare takardar nan da ka sa a zagi sunan saboda kai. In ka ɗauki dattijo, ka jira ya zauna daram kafin ka ja. In mace ce, ka faɗa mata gefen da salansa yake, gama mata nawa ne suke ɗauke da tabon ƙuna a ƙwauri? Kada ka taka birki da gangan don ta faɗo a bayanka, Allah yana ganin wannan wasa. Yara huɗu, biyar a kan babur ɗaya zuwa makaranta, har da na kan tanki, ba taimako ba ne, ko da iyayen ne suka roƙa. Baƙo da bai san gari ba, kuɗinsa ɗaya ne da na ɗan gari. Ƙwayoyin nan kuma da ake sha wai don kashe gajiya, su Tiramol, ku je asibitin ƙashi na Dala ku ga ladansu.

Batun hular kwano kuwa, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairu 2009, wasu suka kifa ƙwarya, wasu bokitin fenti, aka yi ta dariya har a jaridun ƙasashen waje. Fasinjoji ma suka ƙi, wai ana sa sihiri a ciki don a sace mutum. Mai bi da yake tsoron asiri cikin hula, amma ba ya tsoron kwalta, yana bukatar ya sake duba bangaskiyarsa.

Ban ce kowa ya bar sana'ar ba. Sa'ad da sojoji da masu karɓar haraji, waɗanda jama'a suka fi ƙi, suka zo wurin Yahaya Maibaftisma cikin Luka sura 3, bai kore su daga aikinsu ba. Ya dai hana su ƙwace da cin zali.

Ku kuma fasinjoji, tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Amma mace za ta fito daga taron Zumuntar Mata da sabon anko, ta tsaya tana ja-in-ja da yaro a kan naira hamsin har ta zage shi. Wani kuma a kai shi gida ya ce bari ya kawo canji, ya shige ya kulle ƙofa. Kubawar Shari'a sura 24 ta umarta a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa a ranar, kafin faɗuwar rana, in ba haka ba kukansa zai kai ga Ubangiji. Ka gaishe shi kafin ka hau, sunansa ba "kai" ba ne. Kada kuma ka makara a gida sa'an nan ka riƙa zungurinsa ya ƙara wuta.

Dattawan ikkilisiya, Yakubu sura 2 ta yi magana a kan majami'ar da take ba mai zoben zinariya kujerar gaba, ta bar mai tsummoki a tsaye. Ku duba naku. Ɗan acaɓa ya kawo mutane sujada sahu uku, ya shigo a makare da ƙura a gira, masu tsaron ƙofa suka tura shi can baya. Ranar zaɓen dattawa ko ma'ajin matasa, an taɓa ambatar sunansa? Ranar da za a aiki wani da wasiƙa zuwa gunduma kyauta kuwa, shi ake fara tunawa. Ku zauna a majalisarku ta wannan wata ku rubuta sunayen masu babur da suke cikin ikkilisiyarku, ku san wanda yake biyan bashin babur, da wanda aka ƙwace nasa, da gwauruwar da haɗari ya bari da marayu.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, muna kawo gabanka waɗanda za su fita da asuba gobe. Ka tsare su daga haɗari, da daga waɗanda suke hawa kamar fasinja su kai su daji su ƙwace babur. Ka taɓa waɗanda suke kwance da karaya, ka ciyar da iyalinsu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya bar mu, za mu duba wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon. Ku huta lafiya.