Da Mai, da Ruwan Inabi, da Dinari Biyu

 Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ce masu karatun likita, da abin da za mu ce musu ranar da annoba ta zo suka ce za su fita aikin sa kai.

Ba mu manta da 2020 ba. Da cutar korona ta shigo, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada yana cikin wuraren da aka kwantar da masu cutar. A watan Maris aka rufe jami'o'i, ɗalibai suka dawo gida. In wata annoba ta sāke zuwa, uwa za ta ce, ɗana bai gama karatu ba, ya zauna a gida. Tsoronta yana da dalili. A 1970, Dakta Jeanette Troup, ƙwararriyar likita a asibitin mishan na SIM a Jos, ta yanke a yatsa tana binciken gawa, zazzaɓin Lassa ya kama ta, ta rasu. Ƙwararriya ke nan, balle ɗalibi.

Amma ku dubi Luka sura 10. Firist da Balawe sun ga mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni, suka ratse. Basamariye ya tsaya. Mukan yabi tausayinsa, mu manta cewa ya san abin da zai yi. Ya zuba mai da ruwan inabi, maganin rauni na zamaninsa, ya ɗaure. Abin da ya fi ƙarfinsa kuma ya bar wa mai masauki, ya ba shi dinari biyu.

Haka ɗaliban likita suka yi a Kofanhagan, babban birnin Danmak, a 1952, lokacin annobar shan inna. Yara sun kasa numfashi, na'ura kuma ba ta isa ba. Ɗalibai fiye da dubu suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana, suna matsa jakar roba da hannu don iska ta shiga huhun marasa lafiya. Aiki ɗaya aka koya musu, likitoci suna lura da su, mutuwa kuwa ta ragu ƙwarai.

A nan gida ma akwai aikin da ɗanku zai fi baƙon likita iyawa. Zai tsaya a kasuwa ko bayan sujada ya bayyana da Gbagyi ko da Bassa yadda cuta ke yaɗuwa. Tsohuwar da ba ta jin Turanci za ta saurare shi, domin ta san uwarsa.

Saboda haka, baba, mama, in ya zo neman izini, kada ku yi saurin hana shi. Ku zaunar da shi ku tambaya: wane aiki za a ba ka? An koya maka shi? Akwai safar hannu da takunkumi? Wane likita ne zai lura da kai? In ya amsa waɗannan, ku yi addu'a tare, ku sallame shi.

Sai mako mai zuwa.