Dutsen Kabo da Asalinsa



Ranar 25 ga Afrilu, 1971, waɗansu duwatsu suka faɗo daga sama a ƙasar Kabo, yamma da birnin Kano. Da aka tattara su aka auna, nauyinsu ya ɗara kilo 13. Daga ina suka fito?

Tsakanin duniyar Mirrihi da ta Mushtari akwai ɗimbin duwatsu masu kewaya rana, waɗanda masana ke kira astaroyid. Su ne ragowar kayan da duniyoyi suka ginu da su, shekaru kimanin miliyan 4,560 da suka wuce. Mafi girmansu, wato Ceres, wanda aka gano a 1801, faɗinsa ya kai kilomita 940.

Idan biyu daga cikinsu suka yi karo, sai ɓaraguzai su watsu. Zafin rana yakan riƙa gusar da ɓarbashin sannu a hankali, har ya isa inda ƙarfin jan Mushtari zai karkatar da shi, hanyarsa ta gitta ta duniyarmu. Wannan tafiya takan ci miliyoyin shekaru.

Dutsen yakan shigo iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ba. Sai iska ta matse a gabansa, ta yi zafi, bayansa ya narke, a ga haske, a ji ƙara kamar aradu. Ƙanana sukan ƙone ƙurmus. Wanda ya tsira yakan iso ƙasa da baƙin ɓawo, kamar gindin tukunya.

Ba dukkansu ne daga astaroyid ba. Na Zagami, a lardin Katsina, wanda ya faɗo ranar 3 ga Oktoba, 1962, bincike ya nuna daga Mirrihi yake.

Na Kabo kuwa ya girmi Dala da Gwauron Dutse nesa ba kusa ba, don haka shaida ne kan farkon halittar duniyoyi. Amma na Gujba, da ya faɗo a 1984, jama'a suka farfasa shi, akasarinsa ya watsu a hannun mutane. Saboda haka wajibi ne hakimai, malamai da ma'aikata su wayar da kan manoma: duk wanda ya tsinci irin wannan dutse, kada ya fasa shi ko ya wanke shi. Ya lura da wuri da lokaci, ya sanar da jami'a mafi kusa.

Allah ya ƙara mana sani. Wassalam.